Rami Biyu

Ranar farko Barmo bai ba ni wuƙa ba,
kwando ya ba ni, ya nuna min hanyar gulbi.
"Yumɓun sama na kofaton shanu ne,
tona har gwiwar hannunka ta ɓace."
Na dawo Bagalam wuya a sage.
Ya gutsura, ya ɗora a harshe,
ya tofar. "Yashi. Koma."

Sau uku na koma.

Kwana tara ina dakan tsingaro,
ina tankaɗe, ina kwaɓi da diddige
kamar mai biyan bashin da bai ci ba.
Ni da na saba da kabu-kabu,
tasha zuwa Zariya kafin a gama sallama,
ga ni gurfane gaban dunƙule guda
da bai kai ƙwan agwagwa ba,
yana juya ni yadda ya so.

Babban yatsa ke haƙa gidan wuta.
Nawa ya cika gaggawa, ya ɓulla ta ƙasa.
Na biyu ya fito kamar kwaɗon da mota ta taka.
Na uku Barmo ya ɗaga shi ga hasken hantsi,
ya ce a ajiye wa ƴan tsaki, su sha ruwa.

Amma tsinke ne ya ba ni kashi.
Ka shigo da shi ta wuya, ba ka ganin inda za shi,
sai ya tarar da ramin sama a cikin duhu.
"Rami biyu ne lofe," in ji shi,
"in ba su gaisa ba, dutse ka gina."
Na busa, shiru.
Na busa har kumatuna suka yi tsami, shiru.
Ya karɓa, ya lumshe ido,
ya murza tsinken kamar mai sosa wa jinjiri kunne,
sai iska ta fito, siririya,
ta taɓa min goshi.

Shi kansa ya bar taba
tun shekarar da likita ya nuna masa hoton ƙirjinsa.
Lofen na bakinsa har yau, ba wuta,
yana tsotsar iska, yana tari,
yana ce min kul na fara.
Ban tambaye shi don me muke ginawa ba.
Shi ya faɗa, yana goge wani da dutsen gulbi:
"Tsofaffin da suka rage ba su da yawa.
Sun ƙi jin magana, kamar yadda na ƙi.
Ni dai abin da hannuna ya sani ke nan."

Sha biyu muka jera a ramin gashi,
kashin shanu, karan gero, ƙaiƙayi a bisa.
Cikin dare na ji su. Tas.
Can kuma, tas.
Kowace ƙara na san mai ita.
Da asuba muka tone toka:
nasa shida garau, nawa ɗaya,
shi ma a karkace kamar mai kasa kunne.
Muka yayyafa musu ruwan bagaruwa da sauran zafinsu,
suka yi tsaki, suka yi baƙi.

Ran kasuwa na shimfiɗa buhu.
Samari na wucewa da sigari bayan kunne,
ko kallo.
Sai da la'asar wani tsoho daga Jiratawa,
ganyen taba ƙulle a haɓar riga,
ya ɗaga na Barmo, ya ajiye,
ya ɗauki karkataccen nawa,
ya soka masa kara, ya kai baki.
Ya zauna daidai giɓinsa na hagu.
"Yaro, wa ya auna maka bakina?"
Dala sittin ya zube, bai nemi ragi ba.

Na kai wa Barmo. Ya ƙirga sau biyu,
ya cire kuɗin bagaruwa,
ya miƙo min saura, da kwando.
"Kada kanka ya kumbura,
kuskure ne ya gamu da mai shi.
Gulbi ya ƙara janyewa jiya.
Tona da zurfi."